ALKAWARI DA ALLAH KO ALKAWARI A GABAN ALLAH? TARKEN KALMOMIN ƊAURIN AUREN KIRISTA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta feɗe kalmomin da ango da amarya ke faɗa wa juna yayin ɗaurin aure a majami'a, ta kuma auna su da wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu wa'azi, watau cewa ma'aurata sun ƙulla alkawari ne da Allah. Mun sha jin wannan magana a wuraren ɗaurin aure, har ta zama kamar abin da ba ya bukatar hujja. To, amma aikin mai tarke shi ne ya koma ga matani ya ga ko abin da ake faɗa game da shi yana cikinsa.

Matanin da muka zaɓa shi ne tsarin ɗaurin aure na Littafin Addu'a na ɗarikar Angilikan, wanda aka fara bugawa a Ingila a shekarar 1549, aka kuma daidaita shi a 1662. Dalilin zaɓen shi ne, daga gare shi ne ɗariku da yawa suka ari kalmomin da suke amfani da su. Ra'ayinmu shi ne, matanin yana nuna alkawari tsakanin mutum biyu, Allah kuwa shaida ne a kansa. Za mu kuma nuna cewa kalmar Hausa ta "alkawari" tana da hannu a ruɗanin, kuma ruɗanin yana da illa ga zaman aure kansa.

2.0 KALMA ƊAYA, KAYA UKU

Aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ya faro tun zamanin J. F. Schön a ƙarni na 19. An sami cikakkiyar fassara a 1932, wadda Likita Mila na Zariya ya yi babban aiki a cikinta, sa'an nan aka yi sabuwa a 1979. A wannan doguwar tafiya kalmar "alkawari", ko "alkawali" kamar yadda wasu ke faɗa, ta kafu sosai, har ita ce sunan ɓangarorin littafin biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Asalinta Larabci ne, daga kalmar da ke nufin magana ko faɗa. Ke nan tun daga tushe, alkawari abu ne da baki ya furta.

Matsalar ita ce, harsunan asali sun bambanta abubuwa uku da Bahaushe kan haɗa a ƙarƙashin wannan kalma.

Na farko shi ne abin da Ibrananci ke kira berit, Helenanci kuma diyateke. Wannan ƙulli ne mai rantsuwa da shaidu da alama, wanda ke mai da bare ɗan gida. A Littafin Farawa sura 15 an yanka dabbobi an raba su biyu kafin a ƙulla shi, shi ya sa Ibraniyawa ke cewa an "yanka" berit.

Na biyu shi ne abin da Helenanci ke kira efangeliya, watau mutum ya ce zai yi wa wani abu. Gefe ɗaya ne ke ɗaukar nauyinsa.

Na uku shi ne neder na Ibrananci, watau mutum ya ɗora wa kansa wani abu domin Allah, kamar yadda Hannatu ta yi game da ɗanta Sama'ila. Shi ne abin da malaman fiƙihu a ƙasar Hausa ke kira bakance.

Mai karatun Hausa yana cewa "akwatin alkawari", yana kuma cewa "ƙasar alkawari", ba tare da ya lura cewa na farko berit ne, na biyu kuwa faɗar abin da za a bayar ne. A wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa 2:12 da Galatiyawa 3:17 kalmomin Helenancin biyu sun haɗu a aya guda, don haka dole mai fassara ya nemi dabara. Ba mu ɗora wa mafassara laifi ba, domin kowane harshe da inda yake yanka gonarsa. Sai dai idan fasto ya ce wa amarya ta yi alkawari, wanne daga cikin ukun yake nufi? Sau da yawa yakan fara da na farko, ya ƙare da na uku, masu sauraro ba su ga inda ya sauya hanya ba.

Nahawun Hausa kansa yana iya taimaka mana a nan. Akwai bambanci tsakanin a YI WA mutum alkawari, da a ƘULLA alkawari DA shi, da a ɗauki alkawari A GABANSA. A na farko shi ne mai karɓa, a na biyu shi abokin ƙulli ne, a na uku shaida ne. Tambayarmu ita ce, a wane gurbi matanin ya ajiye Allah, a wane gurbi kuma ya ajiye abokin aure?

3.0 ZUBI DA TSARIN MATANIN

Tomas Kiranma, babban bishop na Kantabari, shi ne ya jagoranci tsara littafin 1549, amma ba shi ya ƙagi kalmomin alkawarin ba. Ya same su a tsohon tsarin ibada na Salisbari, inda ake ɗaura aure a ƙofar majami'a. A wancan tsari sauran ibada da Latin ake yi, amma kalmomin ango da amarya da Ingilishi suke faɗa. Wannan kaɗai ya nuna cewa tun farko an ɗauka tilas mai faɗa da wanda ake faɗa wa su fahimci abin da ake cewa.

Matanin 1662 yana tafiya ne hawa-hawa, kamar haka:

(a) Limami ya bayyana wa jama'a dalilai uku na aure: haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya, tsare kai daga zina, da taimakon juna.

(b) Ya nemi duk wanda ya san wani abin da zai hana auren ya faɗa, ya kuma gargaɗi ma'auratan da ranar shari'a.

(c) Ya tambayi kowannensu ko ya yarda, kowa ya amsa wa limami.

(d) Ya tambayi wanda ke ba da amarya.

(e) Ango ya riƙe hannun daman amarya ya yi mata magana, sa'an nan su saki, ita ma ta riƙe nasa ta yi masa magana.

(f) Ango ya sa mata zobe.

(g) Limami ya yi addu'a, ya haɗa hannuwansu da kalmomin Matiyu 19:6, ya shelanta cewa sun zama miji da mata.

Zuciyar matanin tana hawa na (e), kuma abubuwa uku ne ya kamata mu lura da su a can.

Da farko, lamiri. Mai magana yana cewa "ni", yana ce wa abokinsa "ke" ko "kai", yana ambaton sunansa. Ba a fuskantar da maganar ga Allah, ba a kuma fuskantar da ita ga limami. Sunan Allah ya zo sau ɗaya tak a wannan hawa, inda ake cewa auren yana bisa ka'idar da Allah ya kafa. Mai magana ya rufe da wata tsohuwar kalmar Ingilishi wadda ma'anarta ta fi kusa da "amana" a Hausa, kuma abokin auren ne ake miƙa wa ita.

Na biyu, lokacin fi'ili. A hawa na (c) amsar tana nuna abin da za a yi nan gaba, a hawa na (e) kuwa fi'ilin yana nuna abin da ake yi yanzu. Wannan ba kwalliya ba ce. Malaman ƙarni na 12 sun yi muhawara a kan abin da ke ƙulla aure, har Fafaroma Iskandari na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, ya tabbatar da cewa yardar da aka furta da lafazin yanzu ita ce ke ƙulla shi, lafazin nan gaba kuwa baiko ne. Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a littafinsa na 1962, ya kawo furucin ɗaurin aure cikin misalansa na maganar da faɗarta shi ne aikata ta. Bahaushe ya riga ya san haka, tun da ya ce magana zarar bunu ce.

Na uku, salon jera kishiyoyi. Matanin ya jera yanayi uku tare da kishiyoyinsu, watau daɗi da wuya, samu da rashi, lafiya da ciwo, sa'an nan ya sa mutuwa ta zama iyaka. Wannan salo ne na ambaton gefe biyu domin a haɗe duk abin da ke tsakani, kamar yadda mukan ce "babba da yaro" muna nufin kowa. A nan ne ƙarfin matanin yake. Amma a lura da kyau: duk abubuwan da aka jera, abubuwa ne da ke faɗo wa ma'aurata daga waje. Talauci da ciwo ba abokin aure ne ke aikata su ba. Ba a sa duka ko cin amana cikin jerin abin da aka yarda a ɗauka ba, hasali ma abin da kowannensu ya yi alkawarin yi shi ne ƙauna da tattali.

Daɗin daɗawa, wuri ɗaya da kalmar Ingilishi mai fassara berit ta fito dangane da ma'auratan shi ne addu'ar hawa na (g). A can ma matanin ya fayyace cewa a tsakanin su biyun aka ƙulla abin, ana kuma roƙon Allah ya ba su ikon cikawa. Wanda ake roƙo ya taimaka a cika alkawari, matsayinsa daban ne da na wanda aka ƙulla da shi.

Ga mai sauraro Bahaushe akwai wani abin lura. A ɗaurin aurenmu na gargajiya da na Musulunci, waliyyi da wakili ne ke yin siga a gaban shaidu, sau da yawa amarya ba ta wurin. A wannan matani kuwa, ko da yake hawa na (d) ya riƙe ragowar matsayin waliyyi, bakin amarya ne ke ƙulla auren. Haka nan zobe yana da alaƙa da sadaki: a bugun 1549 ango kan haɗa zoben da zinariya da azurfa, aka cire wannan a bugun 1552.

4.0 HUJJAR NASSI

Aya mafi ƙarfi a kan wannan batu ita ce Malakai 2:14. Annabin yana tsauta wa mazajen da suka yasar da matan ƙuruciyarsu. Ya kira matar da sunan matar berit, ya kuma ce Ubangiji shaida ne tsakanin mijin da ita. Gordon Hugenberger ya rubuta littafi guda a 1994 domin ya tabbatar da cewa auren kansa ake nufi da berit a wannan aya. Idan haka ne, to gurbin Allah a bayyane yake.

Adalci ya wajabta mu kawo ayar da masu ɗaya ra'ayin za su kafa hujja da ita, watau Karin Magana 2:17, inda aka zargi mazinaciya da mance alkawarin Allahnta. Masu tafsiri sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ce alkawarin Dutsen Sina'i ake nufi, wanda ya haramta zina. Wasu sun ce auren ne, an jingina shi ga Allah domin shi ne shaidarsa. Ko wanne aka ɗauka, ayar tana nuna cewa cin amanar aure laifi ne ga Allah, kuma ba mu musa wannan ba. Wanda ya karya abin da ya rantse a kai a gaban sarki ya raina sarki, amma hakan bai mai da sarki abokin cinikinsa ba.

Sauran wuraren da ake kawowa, kamar Yusha'u sura 1 zuwa 3, da Ezekiyel sura 16, da Afisawa sura 5, kamance ne. Annabawa sun ɗauki aure, abin da kowa ya sani, suka kwatanta dangantakar Allah da Isra'ila da shi. Bulus ya juya kamancen, ya ce miji ya koyi ƙauna daga yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikilisiya. Kowane ɗalibin adabi ya san cewa kamance yana da fuskar da aka nufa da fuskar da ba a nufa ba. Idan mawaƙi ya kira sarki giwa, ƙarfi yake nufi, ba haure ba. Fuskar da aka nufa a nan ita ce aminci mai ɗorewa.

5.0 ABIN DA TARIHI YA NUNA

Kalmar berit ba ita ce ta mamaye koyarwar aure a yawancin tarihin ikilisiya ba. Agustin, wajen shekarar 401, ya lissafa alherai uku na aure, watau 'ya'ya, aminci da alama mai tsarki. Fassarar Latin ta Afisawa 5:32 ta taimaka wajen ɗaukar aure a matsayin sakaramenti, kuma taron Tarento ya tabbatar da haka a 1563, ya kuma wajabta a ɗaura shi a gaban limami da shaidu biyu ko uku. Martin Luta ya musa cewa aure sakaramenti ne tun 1520, ya ɗauke shi tsari mai tsarki amma na zaman duniya, wanda hukuma ke kula da shi. Jon Kalbin na Janeba shi ne ya fi ɗaukaka kalmar berit, bisa ayoyin Malakai da Karin Magana. A ɗarikar Katolika, kundin dokokin 1917 ya yi amfani da harshen yarjejeniya. Taron Batikan na Biyu ne ya kawo harshen berit a 1965, kundin 1983 kuma ya bi shi, inda doka ta 1055 ta ce namiji da mace ne ke kafa tarayyar dukan rayuwa a tsakaninsu ta wannan ƙulli.

Abin mamaki kuma, tsarin naɗin rawanin aure na ikilisiyar Girka ba shi da musayar alkawari irin wannan, addu'ar limami ce ke ɗauke da nauyin. Ke nan furucin da muke tarke ɗiyan al'adar Yammacin Turai ne, wadda ta gaji ka'idar dokar Rum cewa yarda ce ke yin aure.

6.0 ME YA SA BAMBANCIN KE DA MUHIMMANCI?

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk tsefe gashin ƙwai ne. Muna ganin ba haka ba ne, saboda dalilai uku.

Na farko, idan aka ce da Allah aka ƙulla, abokin aure ya tashi daga mai haƙƙi ya koma wurin da ake sauke wani nauyi. Miji zai iya cewa ya cika alkawari muddin bai yi saki ba, ko da ya shekara bai yi wa matarsa kallon rahama ba. Matanin kuwa ya ce ita aka yi wa, don haka ita ke bin bashi. Alkawari kaya ne, kuma akwai mai kayan.

Na biyu, alkawarin Allah da mutane tsakanin babba ne da ƙarami. George Mendenhall ya nuna a 1954 cewa tsarin alkawarin Sina'i ya yi kama da yarjejeniyar sarakunan Hittiyawa da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsu. Mu ma mun san irin wannan a tarihinmu, watau amanar da sarakunan daular Sakkwato kan ƙulla da wasu al'ummu, su ba da kariya su karɓi gandu. Idan aka kwafo wannan tsari aka ɗora wa aure ba tare da tacewa ba, miji ya hau kujerar Ubangiji, mace ta zauna a ta mai laifi. Matanin 1662 kansa bai kuɓuta daga wannan ba, domin ya sa kalmar biyayya a bakin amarya kaɗai, kamar yadda ya sa bayar da dukiya a bakin ango kaɗai. Wannan ne rauninsa mafi girma a ganinmu, domin ya saɓa wa daidaiton da riƙon hannu sau biyu ke nunawa. Ikilisiyar Efiskofal ta Amurka ta yanke shawarar cire kalmar a 1922, ita kuma ta Ingila ta mai da ita zaɓi a littafinta na 1980.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne halin matar da ake duka. Idan ta kai kuka aka ce mata ta tuna da alkawarinta da Allah, an mai da neman tsira saɓo, an kuma wanke wanda ya fara karya alkawarin. Nassi bai ɗauka cewa berit ba ya karyuwa ba, domin Irmiya 31:32 ya ce Isra'ila ta karya nata. Fitowa 21:10-11 ya ba matar da aka hana ci da sutura da haƙƙin kwana damar fita. Ɗariku sun saɓa a kan saki da sake aure, kowacce da yadda ta fahimci Matiyu 19:9 da Korantiyawa ta Ɗaya 7:15, kuma ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci. Amma ko ɗarikar Katolika, wadda ba ta yarda da warware cikakken aure ba, dokarta ta 1153 ta halatta rabuwar zama idan ɗaya ya zama babban haɗari ga rai ko jikin ɗayan ko na 'ya'ya. A Nijeriya kuma, dokar shari'ar aure ta 1970 ta ba kotu ikon raba auren rajista idan ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, na'am, amma matanin bai ɗora shi a kan mutum ɗaya ba.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa lamirin matanin da fi'ilinsa da addu'arsa duk sun ajiye abokin aure a gurbin wanda aka ƙulla da shi, Allah kuma a gurbin mai kafa ka'ida, mai shaida, mai taimako. Wannan bai rage wa auren nauyi ba, domin a fahimtar Kirista shaidar da ba ya mantuwa ba ya kuma mutuwa ya fi kowane shaida ban tsoro.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Masu fassara tsarin ibada da masu wa'azi da Hausa su riƙa cewa "a gaban Allah" da "tsakaninku", su kiyayi "da Allah" a wannan muhalli. Su kuma yi amfani da kalmar "amana" tare da "alkawari", domin Bahaushe ya san amana ana ba da ita, ana riƙe ta, ana cin ta, kuma ya san wanda aka ci tasa shi ne abin tausayi. A ƙarshe, sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su haɗa kai da makarantun tauhidin Kirista a tattara tsare-tsaren ɗaurin aure na ɗariku daban-daban da ke cikin Hausa, a kwatanta kalmominsu ɗaya bayan ɗaya. Muna fatan mahalarta za su gyara mana inda muka yi tuntuɓe.